Bujin Ƙurya

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a Damagaram ya san abin da wannan ke nufi a gidan da aka riƙe al'ada da ƙarfi. Tun da aka haife ni Baba bai taɓa kama sunana ba. Ina ƙarami "wancan" nake, ko "yaron nan". Da na gama karatu aka ba ni aji a lakwal sai na koma "Mushe", yadda ake kiran malamin makaranta a nan, aka huta, an samo mini sunan da ba nawa ba. Ba ya zama tabarma ɗaya da ni, ba ya mini wasa, ba ya mini faɗa. Inna ma ba ta kama sunana, amma ita kunyarta tana yoyo, don takan juya fuska ga tukunya ta faɗi duk abin da take so in ji, har da saƙon Baba. Kunyar ɗan fari ce, na san ba ƙiyayya ba ce. Kaina ya san haka tun da daɗewa, zuciyata ce dai daƙiƙiya, har yau ba ta ɗauki wannan karatun ba.

Baba direban gwamnati ne, ya yi shekaru yana jan manya cikin yashi da daji. Da ya aje aiki ya sayi wata tsohuwar mota fara, wadda in da mutum ce da ta aurar da jikoki. Injinta na asali ya mutu tun kafin ta zo hannunsa. Wani makanike ya dasa mata wani da aka kawo daga Kano, ya fi gurbin tsawo, sai aka tura shi baya aka ɗaure shi a haka. To, injin yana da buji huɗu, ƴan abubuwan nan masu farin kai da ke ba shi wuta. Uku suna fili, ko makaho ya laluba ya same su. Na huɗun kuwa ya shige can ƙarƙashin ƙarfen da ke gindin gilashi, bayan wani bututu, inda ido ba ya kai wa, hannu ma sai ya karkace. Shi Baba ke ce wa bujin ƙurya. Makanikai da yawa in an kai musu motar sai su canza ukun, su shafa wa na huɗu albarka su rufe. Da Baba ya gane haka ya rantse ba wanda zai ƙara taɓa masa buji.

Ya je wajen wani maƙeri a Birni, suka zauna wuni guda, aka lanƙwasa masa kilen buji, wato ƙarfen kwance shi, aka yi masa gwiwa biyu daidai da wannan lungun. Ya haɗa shi da guntun tiyo na roba, tsawon kamu ɗaya, da guntun zarto da yake gwada bakin buji da shi. Duka ukun yana naɗe su cikin wani tsohon rawani, su kwana cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa. Ɗakin da ni ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba sai in rashin lafiya ta kwantar da shi.

Sau ɗaya yake wannan aikin a shekara, da kaka. Gonar gidanmu tana wani ƙauye wajen Zermu, kuma duk shekara in an yanke hatsi sai ya je da kansa ya ga an jera dammuna a rumbu, ya gaisa da dangi, ya dawo da sabon hatsi da gyaɗa a bayan mota. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar yake canza buji, don ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma da sassafe yake yi, bayan asuba, inji ya kwana ya yi sanyi ƙalau. Gidana yana jikin nasa, katanga ɗaya ta raba mu, saboda haka ina ji in ya ɗaga murfin gaba. Nakan fito in gaishe shi, ya amsa yana kallon inji, in tsaya nesa kaɗan ina kallo. Abin da nake so a raina ɗaya ne tak, kuma ba na jin kunyar faɗinsa yanzu. So nake wata rana ya juyo ya miƙo mini wannan kilen ya ce in sa hannu.

Sai tsufa ya zo ya kama masa hannu. Rawa ya fara yi masa, kaɗan-kaɗan, har ya kai in ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafe da ɗayan. Na ce a raina to, Allah ya kawo lokacina. Wa ya fi ni kusa? Ko tari ya yi ina ji daga ɗakina. Wannan kakar ban jira an aike ni ba, na je kasuwar Dole wajen wani Bakano mai kayan mota, na sa ya zaƙulo mini buji huɗu masu kyau daga ƙasan kanta, ba waɗanda yake jerawa a sama don baƙi ba. Na kawo na aje a gefen tabarmar Baba, na ja da baya na durƙusa. Ya ɗauka ya jujjuya, ya kai kusa da ido, ya gyaɗa kai. Da marece Inna ta gaya wa tukunyarta cewa Babanka ya ce an gode, bujin na kirki ne. Na kwana ina murza yatsu.

Gari na wayewa sai na ji ƙarar moto, wato babur, a ƙofar gida. Ashe tun jiya Baba ya sa an kira masa ɗan ƙanwarsa a waya.

Taubashina ke nan, ɗan goggona, na girme shi da shekara biyu. Shi ke noma gonar gidanmu can ƙauye, yana kuma da injin niƙa da mata ke kai wa hatsi. Wani ramamme ne dogo, yatsunsa kamar karan dawa, bakinsa kuwa ba ya rufuwa. Tun muna yara muke wasan taubasai, ya ce ni bawansa ne, in ce shi ne nawa, kuma ina son sa, wallahi ina son sa. Amma ranar nan da na leƙo na ga ya taho tun daga Zermu cikin raɓa don aikin da ni nake taku goma daga gare shi, sai murnar jiya ta gudu. Ya ce, "Mushe mai alli, ina kwana, an tashi lafiya da jan biro?" Na amsa masa da haƙora.

Abin da ya fi ci mini rai, shi ya shiga ɗakin Baba kai tsaye, ko sallamar kirki bai yi ba, ya fito da rawanin a hammata yana taunar goron da ya ɗauka a kan akwati. Aka kawo wa Baba kujera ƴar tsugune gindin itacen bedi, wato dogon yaro, inda motar ke kwana, ya zauna, aka fara. Baba na faɗa, shi yana yi. Ya sa ya busa ramin kowane buji da tiyo kafin ya kwance, don yashin garin nan ba ya jiran gayyata, in ya faɗa cikin inji an shiga uku. Da aka zo na ƙurya sai taubashina ya kwanta da ciki a kan motar, ya karkata kai gefe, ya rufe ido, ya zura hannu har kafaɗa. Baba ya ce masa a nan hannu ke gani, ido ya je ya huta. Da zai mayar da sabon, ba kile ya sa ba. Cikin bakin tiyo ya cusa kan bujin, ya zura, ya murza baya kaɗan sai da ya ji ya zauna, sannan ya murza gaba da yatsu biyu a hankali. Sai da ya shige da kansa har ƙarshe aka kawo kile aka ɗan ƙara masa.

Duk wannan ina tsaye da tiren shayi, don matata ta ga na rasa abin yi da hannuwana ta miƙo mini ta kan katanga. Ina kallon su, kai biyu a haɗe ƙarƙashin murfin mota. In ya yi daidai Baba ya ce ja'iri, ashe kana ji. In ya yi kuskure ya kai masa dundu a ƙeya da wannan hannun mai rawa, shi kuwa ya ce Kawu za ka karya ni, su bushe da dariya. Ni ban taɓa sanin Baba yana da irin wannan dariyar ba, mai fitowa daga ciki har da tari. Da na miƙa masa shayi ya karɓa da hannu biyu, ya ce wa itacen bedi, "Sannu, Mushe." Sai ka ce diraktan lakwal ne ya kawo ziyara.

Matata ta ce mini da rana, yanzu kai da girmanka, da furfura a gemu, kishi kake da ɗan goggonka a kan baƙin mai? Na ce mata wane kishi, Allah ya kiyaye, ni da nake da aikina mai tsabta. Ta ce to ai shi ke nan, amma ka ci tuwon nan a hankali, ba tuwon ne ya kira shi a waya ba.

Haka aka yi shekara ta biyu. Ni in sayo, shi ya ɗaura. Sai dai wannan karon na matso kusa, na buɗe ido, na haddace komai kamar zan ba da shi a jarrabawa. Na ce a raina ni da nake koya wa yara sittin lissafi a aji ɗaya, murɗa ƙarfe ne zai gagare ni? Mutumin da ko sunansa sai ya yi gumi yake rubutawa? Allah ya yafe mini, haka na faɗa a raina, kuma har da ƙari.

A shekara ta uku abin ya faru. An sa tafiyar Baba ranar Lahadi, canjin buji kuwa Asabar da safe. Taubashina ya shigo gari tun Juma'a da hantsi don yana da sayayya, ya tarar Baba ya dawo daga zuba mai da duba ƙafafun mota, inji na huci. Baba ya fito da rawanin ya ba shi ya duba ko tiyon bai tsage ba. Taubashina ya ce su yi yanzu mana su huta, Baba ya ce kai, mahaukaci, wa ya taɓa kwance buji inji da zafi? Sai gobe. Ana cikin haka lokacin masallaci ya matso. Taubashin nawa ya jefa rawanin kan kujerar gaba, inda ledar sababbin bujin da na kawo take, gilashi a sauke, ya tayar da moto. Baba ya hau baya, ya zagaya hannu ya riƙe shi a ƙugu, babbar riga na kaɗawa, suka nufi babban masallacin Birni. Na tsaya ina kallon wannan hannun a ƙugunsa har suka sha kwana.

Ni masallacin unguwa na je, kuma liminmu ba ya jan huɗuba. Na dawo unguwa shiru, rana ta take, ko akuya ta nemi inuwa. Na san su sai sun tsaya gaishe-gaishe, sai Baba ya biya wajen tsofaffin abokan aikinsa. Na wuce motar zan shiga gida, sai idona ya faɗa kan rawanin. Ban tsaya shawara da kowa ba, ko da kaina. Na tuɓe riga na rataye a reshe, na ɗaga murfin. Abin da na hango shi ne gobe da safe su fito su tarar an gama, Baba ya tambayi wa ya yi, a ce Mushe ne, dole ya ɗago ya dube ni.

Inji bai huce ba, iskar da ta bugo ni daga ciki kamar ta bakin tanda. Na tuna maganar Baba ta ɗazu, na ce ai tsofaffi komai sai sun sa masa doka. Na fara da na gaba. Ya fita lafiya, sabon ya shiga lafiya. Na biyu haka, na uku haka. Kai, sai na ji kaina ya kumbura. Na ce ashe wannan ne abin da ake tayar da mutum daga Zermu dominsa? Har na fara tsara irin zolayar da zan yi wa taubashina.

Da na zo na ƙurya sai na gane ba a nan gizo ke saƙa ba. Hannuna irin na dangin Inna ne, gajere mai kauri. Na kwanta kan mota kamar yadda na ga yana yi, ƙarfe na ƙona mini ciki ta cikin singileti, na zura, hannu ya tsaya a wuyansa. Na juya ta nan, na juya ta can, na cusa da ƙarfi, wani kaifi ya kwashe mini fatar bayan hannu, bututun nan kuma ya lasa mini wuta a tsintsiyar hannu. Na yi wata ashar da ban san na iya ta ba, ga shi yanzu na fito daga masallaci. Da ƙyar kile ya kama. Na danna, ya ƙi, na ƙara dannawa, ya saki da wata ƙara kamar kukan ƙofa, yana fitowa yana turjiya. Da na ga tsohon bujin a tafin hannuna, baƙi ƙirin, wallahi sai da na ɗaga shi sama na nuna wa bedi. Sai a lokacin na tuna ban busa ramin ba. Na ce ai ƙwayar yashi biyu ba ta kashe mota.

Saura mayarwa. Na cusa sabon a bakin tiyo, na zura, ya sulluɓe ya faɗi ƙasa cikin yashi. Na rarrafa na ɗauko na goge a wando. Na sake, tiyo na lanƙwashewa, ban jin komai, yatsuna sun yi gumi da jini, kunnena kuwa yana bakin hanya, duk moton da ya wuce sai gabana ya faɗi. Raina ya ɓaci. Na ce wannan roba ai dabarar masu hannun kara ce, na wurgar da ita kan kujera, na ɗora bujin a bakin kile na zura. Ya kama. Na murɗa sau ɗaya, sau biyu, sai ya yi tauri.

Duk wanda ya san aikin ya san abin da wannan taurin ke nufi. Ramin buji yana da zare a ciki irin na murfin kwalba, kuma ƙarfen wurin mai laushi ne, dangin wanda ake narkawa a zuba tukwane, ga shi da zafi ya ƙara laushi. In buji ya shiga a karkace, shi ke cin zaren. Dalilin tiyon ke nan, ashe, don roba ba ta da ƙarfin yin ɓarna, in abu bai zauna daidai ba sai ta zame ta bar shi. Ni shekara biyu ina kallo, na haddace yadda ake yi, ban taɓa sanin don me ake yi ba, kuma wa zan tambaya? Na ɗauka tsatsa ce. Na gyara kwanciya, na ciji leɓe, na ba shi duk haushin da na tara tun shekarar farko. Ya tafi zagaye ɗaya da ƙyar, ya ƙara rabi, sai kawai na ji ya yi laushi. Na murɗa, yana juyawa. Na ƙara, yana juyawa, ba ya kamawa, ba ya ƙarewa.

Ba sai an gaya mini ba. Na daɗe kwance a kan motar, kumatuna a kan ƙarfe. Abin da na yi bayan nan shi na fi jin kunyarsa: na mayar da wayar wutar da na cire a kan bujin, na tattara tsofaffin na zuba a leda, na naɗe rawanin yadda na same shi, na rufe murfin a hankali, na share sawuna da reshe. Na shiga gida na wanke hannu da toka da sabulu, na sa riga mai dogon hannu. Matata ta dubi hannun, ta dube ni, ta ce Allah ya kyauta. Da marece taubashina ya leƙo yana neman abokin shayi, na sa aka ce masa kaina ke ciwo.

Asabar bayan asuba na ji an ɗaga murfin. Na so in ƙi fita, amma ƙafafuna suka kai ni. Baba na kan kujerarsa gindin bedi, da carbi. Na gaishe shi, ya amsa. Taubashina ya kwance rawanin, ya sunkuya, ya cire wayar farko, sai ya tsaya. Ya cire ta biyu. Ya ga farin kai sabo fil yana ƙyalli. Ya kwanta ya zura dogon hannun nan can ƙurya, ya rufe ido. Na ga lokacin da yatsunsa suka gaya masa. Ya buɗe ido, bai dubi fuskata ba, hannun rigata ya duba, inda na ja ta har kan yatsu.

Baba ya ce me ake jira, ko barci ya ɗauke ka a kan motar?

Taubashina ya sauko a hankali, ya goge hannu, ya zo gaban Baba ya tsuguna.

"Kawu, na yi ɓarna. Jiya da ka shiga ƙailula na ce bari in rage mana aiki. Zaren na ƙurya ya tafi."

Baba ya aje carbi a kan gwiwa. Ya tambaye shi da zafi ya kwance? Ya ce e. Ya tambaye shi da tiyo ya mayar? Ya ce a'a, da kile. Daga nan sama ta tsage. Ban taɓa jin muryar Baba ta kai can ba. Ya ce masa shashasha, sakarai, mai kunnen ƙashi, wanda aka yi wa magana da Hausa jiya-jiyan nan ya ji ta da wani yare. Ya ce shekara nawa yana lallaɓa wannan ramin kamar ƙwai, bai taɓa ko ƙwarzane shi ba, yau ga wani ɗan gaggawa ya zo ya kashe shi a wuni ɗaya. Ya ce sauri ya haifi nawa, yanzu sai an sauke kan inji gaba ɗaya an kai wa masu gyaran zare, tafiyar gobe ta rushe, a jera hatsi babu shi, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya aje aiki. Ya tono masa laifin shekara ashirin, har da wata jaka da ya bari ta ci shuka tun yana saurayi. Ya miƙe tsaye yana nuna shi da yatsa mai rawa, ya cire hula ya maka masa a kafaɗa. Maƙwabta suka fara leƙowa. Inna ta tsaya bakin zaure da ludayi a hannu. Shi kuwa yana tsugune, kai a ƙasa, ba abin da yake cewa sai ka yi haƙuri Kawu, na tuba Kawu.

Mutumin kirki a wurin nan tausayi zai ji, ko kunya, ko godiya. Ni ma na ji su, ba zan ce ban ji ba, amma can ƙasa suke. Abin da ya taso ya rufe su duka kishi ne, tsagwaronsa. Wannan faɗan nawa ne. Ni na sha rana, ni na bar fatata a jikin ƙarfe, ni na ɓata ramin da hannuna. Shekara arba'in da wani abu ban taɓa samun ko rabin wannan daga bakin Baba ba, yau na yi abin da ya isa a yi mini, shi ma wannan ɗan ƙauyen ya riga ni ya tsuguna ya karɓe. Kilen ya karɓe, dariyar ya karɓe, yanzu har zagin. Na ji idona ya kawo ruwa don baƙin ciki. Na taka na zo gaban Baba, kusa fiye da yadda na saba, na naɗe hannun riga na nuna masa.

"Baba, ba shi ba ne. Ni ne. Kuna masallaci na yi."

Na tsaya ina jira, wuyana a miƙe, wallahi ko mari ne na shirya masa da farin ciki. Baba ya dubi hannun, ɗan kallo kaɗan, sai ya kawar da kai ya dubi katanga. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauki hularsa daga ƙasa, ya kaɗe ta, ya sa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, ta koma irin wadda yake karɓar baƙi da ita.

"Ba komai. Tsautsayi ne. Allah ya sa iyakarta ke nan."

Sannan ya juya kan taubashina, muryar ta sake tashi kamar an hura wuta.

"Kai kuma, wa ya ce ka bar kilen a waje? Ga ƙarya kuma, ni za ka duba ka yi wa ƙarya?"

Ya ɗora daga inda ya tsaya. Yanzu laifin ya zama biyu, sakaci da ƙarya, kuma duka na mutum ɗaya ne. Ina tsaye a tsakiyarsu da hannu a buɗe, jini ya bushe a kai, maganganu na wucewa ta gefena kamar ni turken ɗaure akuya ne.

Da rana ta ɗan ɗaga aka ce a tura motar garaji, don Baba ya hana a tayar da ita. Garajin yana can bayan duwatsu, da ɗan hawa a hanya. Taubashina ya shiga ya kama sitiyari. Ni da maƙwabta biyu muka dafa baya. An ce Baba ya zauna a gida, ya ƙi. Ya dafa ƙofar direba da hannu ɗaya yana tafiya a gefe, kansa a bakin taga, yana yi wa taubashina faɗa, ya huta ya ja numfashi, ya tuno wani ya ƙara. Ni ina baya, ƙafafuna na nutsewa cikin yashi, gumi na shiga mini ciwon hannu, na kasa kunne ko kalma ɗaya za ta kuskure ta faɗo ta baya. Har muka kai garaji ba ta faɗo ba.